Furen bushiya: yadda nake shuka shi a bayan gida a Kansas, da iyakar abin da saiwarsa ke yi

Ranar da na fara tauna saiwar wannan fure sai da na yi salati. Maƙwabciyata ce, wata dattijuwar Baturiya da yarana ke kira Kaka, ta miƙo mini ɗan guntu ta saman danga, bai wuce tsawon farce ba, ta ce in tauna kada in yi saurin haɗiyewa. Da fari ɗan zaƙi ne da warin ƙasa. Kafin in ƙirga ashirin harshena ya ɗauki zir-zir, yawu ya cika mini baki, gefen leɓena ya mutu kamar an yi mini allurar cire haƙori. Ita kuwa tana ta ƙyaƙyata dariya. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne fasaƙwari, wanda kakata ke dakawa cikin yaji a Kano, idan ka tsinci ɓawonsa ka tauna haka yake kashe baki. Ashe ban yi nisa da gaskiya ba: sinadaran da ke sa wannan zir-zir ɗin, waɗanda masana ke kira alkamaid, akwai danginsu a cikin itatuwan biyu.

Mutanen nan Amurka suna ce masa coneflower, saboda tsakiyar furen da ke tudu kamar hular kwano. A kwalaben magani kuma Echinacea ake rubutawa. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Conrad Moench, ya raɗa masa wannan suna a 1794, daga kalmar Girkanci da ke nufin bushiya. Ranar da na ji haka na daina wahalar da harshena, a gidanmu furen bushiya muke cewa. Duk wanda ya danna tafin hannunsa a kan busasshen kansa zai yarda sunan ya dace.

Ɗan asalin Arewacin Amurka ne, can cikin filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar da bakin dazuzzukan gabas. Danginsu ɗaya da shuwaka da latas. Abin da ido ke gani kamar fure guda, taron ɗaruruwan ƙananan furanni ne. Dogayen fukafukan nan masu ruwan hoda da ke zubowa ƙasa kamar geza ba sa yin iri, aikinsu kawai kiran ƙudan zuma. Masu haihuwar suna can tsakanin ƙayoyin tudun, kuma ba sa buɗewa lokaci ɗaya. Layin ƙasa ne ke farawa, zobe bayan zobe, har a kai ƙololuwa. Shi ya sa kai guda kan yi makonni bai tsufa ba.

Wanne za ku saya

Wani malamin Jami'ar Kansas da ke nan garinmu Lawrence, Ronald McGregor, ya raba su gida 9 a 1968. Uku ne ake magani da su, kuma bambancinsu a saiwa yake.

Echinacea purpurea shi ne na kowa da kowa. Ganyensa faffaɗa, tsayinsa ya kan kai ƙugu har ƙirji, saiwarsa kuma tarin jijiyoyi ce kamar ta dawa. Ba shi da tsirfa, yana jure ƙasa mai nauyi, yana yarda a ciro shi a dasa. Idan yau kuka fara, da shi za ku fara, kada ku tsaya wani dogon tunani.

Echinacea angustifolia gajere ne, da ƙyar ya wuce gwiwa, ganyensa siriri mai kaushi. Saiwarsa guda ce doguwa, tana nutsewa ƙasa kamar karas ɗin da ya rasa inda zai tsaya. Shi ne ya fi kashe baki, shi ne kuma Kaka ta ba ni. Amma fa mai zuciya ne. Ƙasa mai tsakuwa da farar ƙasa yake so, irin ta yammacin Kansas, kuma ruwa ya kwanta masa kwana biyu ya isa ya ruɓe. Na uku, Echinacea pallida, dogo ne mai siraran fukafukai koɗaɗɗu, garin furensa fari ne ba rawaya ba, ta haka ake saurin gane shi.

A shagunan lambu za ku ga wasu ja, wasu ruwan lemo, wasu masu tuntu kamar hular sarakai. 'Yan aure ne da aka haɗa don ado. Suna da tsada, da yawansu ba sa daɗewa, irinsu ba ya fitar da mai kama da uwar, masu tuntun kuma ƙudan zuma ba ya samun ƙofar shiga. Ni dai ba na sa su a tukunyar magani. A duba bayan takardar iri a ga cikakken sunan nan mai kalma biyu kafin a biya.

Wuri da ƙasa

Rana yake so, aƙalla awa 6. A inuwa zai yi tsawo ya langaɓe, furen kaɗan.

Abin da ya fi kashe shi ruwa ne, ba fari ba. Shekarata ta farko na zaɓi wani kwari kusa da inda ruwan indararo ke sauka, a tunanina na 'yar ƙasar da ruwa ke da tsada, ai gata na yi masa. Ƙasar Lawrence kuwa yumɓu ce, idan ta jiƙe kamar tuwon da ya kwana. Da ƙanƙara ta narke a watan Maris na je dubawa, na kama gindin ɗaya, ya biyo hannuna baƙi ƙirin yana wari. Cikin takwas biyu suka tsira. Tun daga nan kunya nake yi musu, in ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, in cuɗa ƙasar da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Wa angustifolia kuma na ware masa gefe na zuba tsakuwa da yashi mai kauri. Taki ba ya buƙatar da yawa. Idan aka cika masa, ganye zai yi ta yi, karan ya yi laushi, iskar Kansas ta kwantar da shi.

Iri da firij

Nan ne aikin yake, nan ne kuma na fi shan dariya a wurin Kaka.

Irin wannan fure ba ya son tsirowa sai ya ɗanɗani hunturu. Dabararsa ce ta kare kai: da zai tsiro a watan Oktoba da ya faɗo ƙasa, sanyi zai kashe jaririn. Saboda haka yake kwanciya har sai ya yi makonni cikin sanyi da laima, sannan ya yarda bazara ta zo. Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce a watsa irin a kan kunya a watan Nuwamba, a danna da tafin hannu, a bar wa Allah da ƙanƙara. Matsalarta ɓeraye da tsuntsaye za su ci rabonsu, kuma idan ciyawa ta taso ba lallai ku bambance naku ba.

Ni ta biyun nake bi. A farkon Janairu nakan ɗebi yashi cikin hannu, in yayyafa masa ruwa ya yi laima, yadda idan na matse ba zai ɗiga ba. In zuba irin a ciki, in ƙulle a leda, in rubuta suna da kwanan wata, in sa a aljihun kayan miya na firij. Firij fa, ba wurin ƙanƙara ba. Purpurea wata ɗaya ya ishe shi, har ma yakan tsiro ba tare da wannan ba, sai dai ba zai fito bai ɗaya ba. Angustifolia kuwa sai ya yi wata biyu zuwa uku. Ku riƙa leƙawa duk mako. In kun ga furfura ta fara, ledar ta cika ruwa. Ku kuma gaya wa mutanen gida, don maigidana ya taɓa zubar mini da leda guda, wai ya ɗauka daddawa ce ta lalace.

A watan Maris sai in fito da su in shuka a ƙananan kofuna kusa da taga. Ba a binne shi. A ɗora a kan ƙasa, a barbaɗa masa 'yar kaɗan yadda da ƙyar za ta rufe shi, don yana son haske. A ɗaki mai ɗumi kamar digiri 20 zuwa 21, cikin kwana 10 zuwa 20 za ku ga kunnuwa biyu sun leƙo. Wa angustifolia a nemi kofi mai zurfi, kuma kada a bar shi ya daɗe a ciki, saiwar na taɓa gindin kofi ta lanƙwashe ke nan har abada.

Dashe sai sanyin dare ya wuce. A nan ina jira har farkon Mayu. Tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin kowane biyu. Shekarar farko a riƙa ba shi ruwa duk mako idan sama ba ta yi ba, a zuba a gindi ya ratsa sosai. Daga shekara ta biyu kusan na daina ba su, ko a zafin Yuli da ake kaiwa digiri 38.

Ku sa haƙuri a ranku: shekarar farko ganye kawai za ku gani, kwance a ƙasa kamar alayyafon da ya ƙi girma. Yana can yana gina saiwa. Fure sai shekara ta biyu, daga Yuni har Agusta.

Maƙiya

Zomo ne na ɗaya. Dare guda ya aske mini dashe goma sha biyu har ƙasa. Ragar waya mai tsayin gwiwa ta raba mu. Idan tsiron ya girma ganyen ya yi kaushi, zomon ma ba ya kula shi.

Na biyun ya fi ciwo. Wata shekara na ga wani gindi ya fitar da fure kore shar, da wasu ƙananan ganyaye suna tsirowa daga tsakiyar tudun. Har hoto na ɗauka, ina murna na samu sabon launi. Kaka na gani ta ce, “'Yata, tumɓuke shi yanzu, har saiwa, ki ƙulle a leda ki kai bola.” Cuta ce da wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ke ɗauka daga tsiro zuwa tsiro idan suna tsotson ruwansa. Ba ta da magani, kuma gindin da ya kamu ba ya warkewa. Na tsaya tausayi na mako biyu, na yi asarar ƙarin uku.

Haƙa da shanya

Ganye da fure ana iya yanka tun shekara ta biyu, lokacin da furen ya fara buɗewa, da hantsi bayan raɓa ta bushe. Kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na gindi guda. A shanya a inuwa mai iska. Tudun yana da kauri, gara a tsaga shi biyu, in ba haka ba waje zai bushe ciki ya yi furfura.

Saiwa sai ta shekara uku, wasu ma huɗu suke jira. Lokacinta ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, bayan sanyi ya ƙone ganyen. Ina sa shebur mai yatsu nesa da gindin kamar taƙi ɗaya, in zagaye, in ɗago duka. Saiwar purpurea tana riƙe laka kamar me, sai an tsattsaga gindin da wuƙa sannan ruwa ke shiga. Kafin ku wanke, ku duba saman gindin za ku ga 'yan idanu jajaye-jajaye, tohon baɗi ke nan. Ku yanki gutsure biyu ko uku masu ido da 'yar jijiya ku mayar cikin ramin, ku samu riba biyu.

A yanka saiwar tun tana ɗanya, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Idan ta bushe wuƙa ba ta cin ta, na taɓa ɓata injin niƙan yaji a kanta. A baza a faranti mai raga, wuri mai iska, ba a rana ba, kuma kada zafi ya wuce digiri 40. Mako biyu yakan ishe ni. Alamar ta bushe ita ce ta karye ƙas, ba ta lanƙwasa ba. Za ta ragu sosai, kada ku ce an sace. A zuba a kwalba mai murfi, a ɓoye daga haske. Bayan shekara a tauna guda, idan harshe bai motsa ba ta mutu, a zubar.

Wannan gwajin na harshe yana da amfani ko ga mai saye, don an daɗe ana cakuɗa saiwar da ta wani tsiro mai suna Parthenium integrifolium, wadda ta yi kama da ita amma ba ta kashe baki. Kada kuma ku tsaya a gefen titi ku haƙa na daji. A arewa ta tsakiyar Kansas an fi shekara 100 ana haƙar angustifolia da diga ana sayarwa, amma fili na da mai shi, kuma jihohi da dama sun yi doka a kai. Akwai wani nau'in na Tennessee da ya kusa ƙarewa, aka sa shi cikin jerin masu neman kariya a 1979, sai 2011 aka cire shi.

To, me yake yi a jiki

Ƙabilun asali na waɗannan filaye, irin su Lakota da Cheyenne da Omaha da Pawnee, sun daɗe suna tauna saiwar don ciwon haƙori da maƙogwaro da tari, suna kuma ɗaura ta a kan rauni da sarar maciji. A 1805 matafiyan nan Lewis da Clark suka aika wa Shugaba Jefferson saiwar, da bayanin cewa ana maganin cizon mahaukacin kare da maciji da ita. Daga baya wani Bajamushe mai suna Meyer a garin Pawnee City na Nebraska ya zuba ta a kwalba yana tallar maganin wanke jini. Irin masu lasifikar nan ne na bakin kasuwa, ba cutar da ba ya warkarwa. A tsakiyar shekarun 1880 ya rubuta wa wasu masana biyu a Cincinnati, John King da John Uri Lloyd, har yana cewa a kawo maciji ya sare shi a gabansu ya warkar da kansa. Ba su yarda da wasan macijin ba, amma sun karɓi saiwar, ta kuma yi kasuwa. Ta zauna a kundin magunguna na ƙasar daga 1916 zuwa 1950, zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ya ture ta. Jamusawa ne suka riƙe ta. A shekarun 1930 Gerhard Madaus ya nemi irin angustifolia, aka ba shi na purpurea, shi ya sa har yau purpurea ne ya cika kantunan Turai.

Yau don mura ake sayensa, kuma an gwada shi gwaji na gaske. A 2005 a Jami'ar Virginia aka ɗauki mutum 437, aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu, wasu aka ba su ruwan saiwar angustifolia, wasu aka ba su na bogi. Ba a ga bambanci ba. A 2010 a Wisconsin aka gwada mutum 719 masu sabuwar mura. Waɗanda suka sha sun riga warkewa da kamar rabin yini, tazarar da masu binciken suka ce ba ta kai a kafa hujja da ita ba. A 2014 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 24 na mutum 4,631, ta ce ba a tabbatar yana warkar da mura ba, sai dai mai yiwuwa yana ɗan rage kamuwa da ita.

Na san wannan ba zai yi wa masu sayar da kafso daɗi ba. Duk lokacin da zan je gida sai an aiko mini saƙo in taho da shi, wai yana ƙara garkuwar jiki. Nakan ce kuɗin kwalba guda ya sayi citta da lemon tsami da zuma na wata guda, kuma murar kwana bakwai ɗinta za ta yi ko ta wace hanya. Abin da na shaida da bakina shi ne kashe zafi na ɗan lokaci. Idan maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi nakan tauna gutsure guda in bar yawun ya gangara. Ko in zuba ƙaramin cokali ɗaya na busasshiyar saiwa a kofi ɗaya da rabi na ruwa, in rufe tukunya, ya dahu a ƙaramar wuta minti 15, in tace, in sa zuma. In kurkure maƙogwaro da rabi, in shanye rabi. Ba ya wuce mini sau uku a yini, kuma ba na zarce kwana 10, wanda shi ne iyakar da hukumar magunguna ta Turai ta sa.

Yawancin ruwan da ake sayarwa a ƙananan kwalabe masu ɗigo a cikin barasa aka jiƙa shi, saboda alkamaid ya fi narkewa a cikinta. Ku karanta jikin kwalbar. Akwai wanda aka yi da gilisarin ga mai gudun wancan, irina.

Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba na ba su ko kaɗan. A wani gwaji da aka yi a Seattle a 2003 kan yara 407, bai rage musu mura ba, ƙuraje kuma sun fi fito wa waɗanda suka sha. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ba da shawarar a daina ba su a 2012. Mai asma, da wanda furanni irin wannan dangi ke sa wa atishawa ko borin jini, ya yi nesa da shi, don akwai waɗanda numfashinsu ya taɓa toshewa. Haka mai ciki da mai shayarwa, da wanda aka yi wa dashen ƙoda ko yake shan maganin danne garkuwar jiki, da mai cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kanta. Mai shan wani magani kullum ya tambayi likitansa tukuna. Yana ma sa sinadarin kofi ya daɗe a jini, 'yan shayin dare su sani.

Maganar maciji kuwa, don Allah kada sunan da tsofaffin Kansas ke kiransa da shi, wato saiwar maciji, ya ruɗi kowa. Ba ya karya dafi, ba ya hana ciwon haukan kare. Wanda maciji ya sara, a nan ne ko a gona a Kaltungo, asibiti za a nufa da shi a yi masa allurar dafi. Haƙorin da ya ruɓe ma, saiwar za ta lallashe shi zuwa wayewar gari ne kawai.

Irin baɗi

Idan furanni suka bushe a watan Satumba, ba na share su. Wasu 'yan tsuntsaye rawaya masu kama da kanari suna zuwa su maƙale a kan tudun suna zare iri ɗaya bayan ɗaya, har cikin ƙanƙara. Kai biyar ko shida kawai nake yanka, waɗanda suka yi baƙi suka bushe ƙayau. In jefa su a gwangwani mai murfi tare da 'yan tsakuwa biyu, in ba ƙaramin ɗana ya yi ta girgizawa.

In kun juye a faranti za ku ga abu iri biyu: dogayen tsinke baƙaƙe masu tsini, da wasu gajeru masu launin ƙasa-ƙasa, masu kusurwa huɗu, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Gajerun su ne irin. Ni shekarar farko baƙaƙen na tsince da kyau, na sheƙe gajerun a matsayin ƙaiƙayi, na yi wata biyu ina renon ƙaya a firij. Ku sa safar hannu in za ku tsince, ku zuba a ambulan na takarda, ku rubuta shekara, ku ajiye wuri mai sanyi har Janairu.